Kati Biyu a Kife

Ni ce mai raba kati a saman benen Oga Chukwuma da ke Sabon Gari, duk ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Sunana Comfort. Sauran ranakun mako ɗinki nake yi, kuma da ɗinkin nake ci, don raba kati ba ya ciyar da ko mage. A Sabon Gari aka haife ni, a nan na yi wayo, da Hausa na fara faɗa da 'yan layinmu tun kafin in iya addu'a da yaren iyayena. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce ban fahimci abin da na gani ba ranar gasar ƙarshen shekara. Na fahimta sarai, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai.

Wasan da ake yi a benen sunansa foka. Kowa zan ba shi kati biyu ya ɓoye, sannan in jera guda biyar a tsakiyar tebur, kowa ya haɗa da na hannunsa ya ga abin da ya samu. Ba a sa kuɗi. Oga Chukwuma, mai sayar da kayan wuta a ƙasan benen, ya rantse ba za a mayar masa da gida wurin caca ba, kuma ba ya son wata hukuma ta san hanyar matakalarsa. Da kwabban roba ake yi, ja da kore da baƙi, waɗanda ko ƙosai ba za su sayo maka ba. Amma ka zo ka ga yadda manyan mutane masu jikoki suke haɗa gumi a kansu. Abin da ake ci a ƙarshen shekara wani kofi ne mai ruwan azurfa, wanda in ka ƙwanƙwasa shi za ka ji gwangwani ne.

Oga Chukwuma yana son doka kamar tsohon hedimasta. Kafin kowace gasa sai ya tsaya ya maimaita mana dokokin buɗe kati, ko da kowa ya haddace su. In an gama tura kwabbai, wanda ya yi ƙari na ƙarshe shi zai fara buɗewa. Mai son cin tebur dole ya kwantar da katinsa biyu a buɗe kowa ya gani, don katin ake bi, ba abin da mutum ya ce yana da shi ba. Wanda ya turo nasa a kife, na ja su cikin tarin matattun kati da muke kira juji, to sun mutu ke nan. Ni mai rabo ba ni da ikon juya katin kowa, ba ni da ikon ba kowa shawara. 'Yan kallo kuma ba su da baki. Akwai wata doka ta ƙarshe da shi ya ƙirƙiro da kansa, yana kuma alfahari da ita: in mutum biyu suka rage aka kayar da ɗaya, wanda aka kayar zai miƙe tsaye, ya ba wanda ya ci hannu, ya kira sunansa da ƙarfi, ya ce masa ya ci.

Alhaji Goni babban ɗan kasuwar atamfa da shadda ne a Kantin Kwari. Asalin gidansu Barno ne, amma a Fagge aka haife shi, a can kuma gidansa yake. A tafiye-tafiyen saro kaya ya koyo wasan. Ba ya son a san yana zuwa wurinmu, don haka nesa ake ajiye masa mota, ya tako da ƙafa yana waige-waige kamar mai neman wani shago. In ya hau ya zauna kuwa, sai ka rantse shi ya gina benen.

Abdulnasir yaron shagonsa ne. Na ce yaro don haka ake faɗa a kasuwa, amma mutumin nan furfura ta fara cin gemunsa, 'yarsa ta fari Khairiyya tana jami'a. Ya haura shekara ashirin yana ɗaga kaya yana saukewa a shagon Alhaji. Da farko tuƙo shi kawai yake yi, ya zauna a bencin ƙasa yana jira. Wata Lahadi aka rasa mutum ɗaya, Alhaji ya leƙa ta taga ya ce, "Kai, hawo ka cike mana gurbi." Ya hawo. Cikin 'yan watanni ya fi kowa iya karanta fuskar mutane, abin da ba mamaki ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karanta fuskar mutum ɗaya.

A shagonsu nake sayen kayan ɗinki, don haka na san yadda suke aiki. Alhaji yana son tsayawa da kansa a gaban mai saye yana zuba bayani, amma kaya sun yi yawa, yakan ruɗe. Sai ya jawo turmin da ba shi ba, ya ce ga mai tsadar nan, alhali kwaikwayonta ne. Abdulnasir ba zai ce uffan ba. Zai matso kamar mai gyara ninki, ya ɗan ɗaga gefen atamfar inda aka buga ƙananan rubutu, ya karkata shi yadda Alhaji kaɗai zai gani, ya mayar ya kife, ya ja da baya kansa a ƙasa. Nan take Alhaji zai ce, "A'a, dakata, ba wannan nake nufi ba," ya canza da hannunsa. Mai saye ya tafi yana yabon gaskiyar Alhaji Goni. Haka suke yi shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi maganar ba.

Ana gab da gasar na je sayen yadi, na tarar Alhaji ya tafi masallaci. Na ce bari in tsokani mutumin.

"Malam Abdulnasir, bana dai kofin nan a Fagge zai kwana. Saura a san a ɗakin wa."

Ya yi dariya yana auna mini yadin. "Madam Comfort, ina ni ina kofi? Ko na kai shi gida, matata Zulfa sukari za ta zuba a ciki."

"To me kake nema kake hana mutane sakat duk Lahadi?"

Ya tsaya da almakashi a hannu, ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya. "Kin san dokar nan ta Oga Chukwuma, ta ƙarshe? Ita nake nema. Tun ranar da babana ya kawo ni shagon nan, Alhaji bai taɓa kiran sunana ba. Daga kai, sai yaro, sai wannan. Ba mugunta ba ce, haka bakinsa ya saba. Ranar sunan Khairiyya ya zo har gida, ya yi mana alheri sosai, ya ce wa mutane yaronsa aka yi wa haihuwa. Ni dai sau ɗaya nake so in ji yadda sunana zai fito daga bakinsa. Ko da wasa ne."

Na ce, "Ai kuwa wasan ne."

"To kin gani," in ji shi, ya ci gaba da yanka.

Dariya na yi a lokacin. Na ɗauka ƙaramin buri ne, irin wanda ba a hana mutum.

Ranar gasar, duk da hunturu ne, ɗakin ya cika da mutane, zafi kamar me. Babu wuta, injin shagon ƙasa ne yake juya mana fanka ɗaya da ke kaɗa iska mai ɗumi. Tun bayan azahar aka fara, mutane suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi ya koma bayan kujeru yana bayanin yadda sa'a ta ci amanarsa. Na ukun ƙarshe shi ne David mai gyaran waya, mutum mai bakin da ba ya rufuwa. Da ya fita sai ya tsaya a bayan Abdulnasir ya harɗe hannu. Aka rage su biyu, Alhaji da yaronsa.

Lokacin la'asar ya yi, Oga Chukwuma ya ba da hutu. Ta taga na hango su a ƙasa: Abdulnasir ya ɗebo wa Alhaji ruwa a buta, ya shimfiɗa masa darduma, ya juya masa takalma. Suka idar suka hawo, ya ja wa Alhaji kujera kafin ya zauna a tasa. Wani ya yi wasa ya ce ba a taɓa ganin abokin gaba mai ladabi haka ba. Alhaji ya ce, "Wane abokin gaba? Yarona ne, ni na koya masa." Aka yi dariya, har da Abdulnasir.

Sun ɗan jima suna ja-in-ja, wannan ya ci kaɗan, wancan ya rama, har kwabbansu suka kusa zama daidai. Sai na raba wani zagaye. Alhaji ya leƙa katinsa, ya gyara zaman hularsa. Duk wanda ya daɗe a benen ya san in Alhaji ya taɓa hula abu mai kyau ya samu. Shi kaɗai ne bai san an sani ba.

Na buɗe uku na farko a tsakiya: sarki mai zuciya, tara mai zuciya, da huɗu baƙi. Alhaji ya turo kwabbai. Abdulnasir ya ce, "Na bi." Na buɗe na huɗu, biyu baƙi. Alhaji ya ƙara turowa, Abdulnasir ya sake bi. Na buɗe na ƙarshe, shida mai zuciya, na ajiye ragowar katin hannuna a kan juji kamar yadda aka koya mini. Zuciya uku ke nan a kwance a tebur. Duk mai zuciya biyu a hannu ya haɗa biyar iri ɗaya, kuma wannan ya fi sarki uku. Kowa a ɗakin ya san haka, har Alhaji, amma Alhaji in ya riƙe sarakuna ba ya ganin komai sai su.

Ya turo kusan duk abin da ke gabansa, ya bar 'yan kaɗan. Da Abdulnasir ya ce ya sa duka, da doka ta tilasta musu su buɗe su biyun a lokaci ɗaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma Abdulnasir ba shi da bakin da zai yi wa Alhaji ƙari. Ya ƙirga daidai abin da aka turo, ya tura a hankali, ya ce, "Na bi, ranka ya daɗe." Wanda duk ya kwashi wannan tarin, kofi ya zama nasa, sauran cikawa ce kawai.

Alhaji ne ya yi ƙari na ƙarshe, shi zai fara buɗewa. Ya buga katinsa a tebur har kwabbai suka yi tsalle. Sarki biyu.

"Sarki uku ke nan," in ji shi. "Yarinya, turo."

Ban turo ba, saura mutum ɗaya bai nuna nasa ba. Na dubi Abdulnasir. Ya ɗauki katinsa biyu, ya sunkuyo gaba, ya ɗan ɗaga gefensu, ya karkata su yadda Alhaji kaɗai zai gani. Sannan ya mayar ya kife su, ya turo su gabana da hannu biyu, ya ja da baya kansa a ƙasa.

Na san wannan motsin, na gan shi ba sau ɗaya ba a kan atamfa. Ga sauran mutanen ɗakin kuwa ba wani abu ba ne: kullum wanda ya faɗi yakan nuna wa abokin wasansa katinsa don ya ga irin rashin sa'arsa, sannan ya jefar. Ni kaɗai na san cewa mutumin nan ba jefarwa yake yi ba. Ba zai iya buga katinsa a gaban jama'a ya kwantar da sarakunan Alhaji ba. Ya nuna masa a asirce, yana jira Alhaji ya ce, "A'a, dakata," ya faɗi gaskiyar da bakinsa, ya tsira da girmansa, har a yabe shi.

Na kalli Alhaji. Na ga idonsa ya sauka a kan katin lokacin da aka karkata masa su, ya tsaya, ya koma tsakiyar tebur inda zuciyoyin nan uku suke, ya dawo. Ido ba ya yin wannan zirga-zirgar in bai ga komai ba. Hannunsa da ke kan hula ya sauko a hankali.

Kati biyu suna kife a gabana. Da ɗan yatsa ɗaya zan iya juya su, amma ba ni da iko. Ba ni da ikon cewa, Malam, buɗe. Abu ɗaya doka ta yarda in faɗa, kuma ga tebur gaba ɗaya, ba ga mutum ɗaya ba. Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na saba.

"Da kati biyu a buɗe ake cin tebur."

Abdulnasir bai ɗago ba. Har da ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin na wanda ya san abin da ke tafe. Ya san dokar kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Ba mantuwa ya yi ba, jira yake yi.

Na maimaita. Fanka tana ta juyawa.

"Yarinya, me kike jira?" in ji Alhaji. "Yi aikinki mana."

Na dubi Oga Chukwuma da ke tsaye a bakin taga. Shi abin da ya gani mutum ya turo kati a kife, don haka ya gyaɗa mini kai. Na ɗora hannu a kan katin, na ja su a hankali yadda ko katantanwa za ta riga ni, ko Abdulnasir zai sa hannu ya tare. Bai tare ba. Suka shige cikin juji. Na tattara kwabban na tura gaban Alhaji, ya buɗe hannu biyu ya rungume su.

Ƙarar kwabban ce ta sa Abdulnasir ya ɗago. Bai kalle ni ba, bai kalli tarin ba. Alhaji ya kalla, murmushin nan bai gama barin fuskarsa ba tukuna. Alhaji kuwa ya duƙufa jera kwabbai kala-kala kamar ba a taɓa ba shi aiki mai muhimmanci irin wannan ba.

David ne ya yi magana. "Oga, wannan ba daidai ba ne. Zuciya biyu ne a hannunsa, bakwai da goma. Ina bayansa, da idona na gani."

"David, ɗan kallo ba shi da baki," in ji Oga Chukwuma. "Ka sake magana ka sauka ƙasa."

Amma Oga Chukwuma duk son dokarsa ba azzalumi ba ne. Ya tako ya tsaya a kan tebur, ya ce kada in taɓa komai. Ya daɗe yana kallon jujin.

"Katin da ya shiga nan ya mutu," in ji shi. "Ko na buɗe, duk katin da aka ambata za a same shi a ciki, don ragowar duk suna nan. Maganar ɗan kallo kuma ba na karɓa. Amma ni ke kula da wasan nan, ina da damar bin gaskiya in ta fito daga bakin masu ita. Alhaji, kai aka nuna wa. In ka ce ka ga abin da ya fi naka, zan mayar masa da tebur."

Kowa ya zuba wa Alhaji ido. Ya jingina da kujera, ya shafa aljihun gaban rigarsa inda tabaransa yake.

"Ni? Ai ban sa tabarau ba. Na ga dai ya ɗago wani abu ja-ja. Na ɗauka nuna mini yake yi yadda ya sha kaye, kamar yadda kowa ke yi." Ya juya wajen Abdulnasir. "Ko ba haka ba ne, kai?"

Mutumin da tun azahar yake karanta kati daga wancan gefen tebur ba tabarau, yanzu ya makance. Raina ya ɓaci.

Oga Chukwuma ya ce, "Malam Abdulnasir, saura kai. In ka ce ba haka aka yi ba, maganarku ta saɓa, zan soke wannan zagayen kowa ya ɗauki abin da ya sa, a sake rabawa. Me ke hannunka?"

Ƙofa ce aka buɗe masa, babba. Kalma biyu kawai zai faɗa. Amma kalma biyun nan ma'anarsu ita ce Alhaji Goni ya yi ƙarya, a gaban mai gyaran waya da mai kayan wuta da tela. Ya dubi hannayensa, waɗanda almakashi ya yi wa kanta.

"Yadda Alhaji ya faɗa, haka ne," in ji shi.

David ya yi tsaki ya sauka ƙasa da kansa, ba sai an kore shi ba. Na ji haushin Alhaji, amma wallahi a wannan lokacin na fi jin haushin Abdulnasir. Na so in kama kafaɗarsa in girgiza shi. Maimakon haka Oga Chukwuma ya ce in haɗa kati, na haɗa, na cakuɗa su, bakwai da goman nan suka ɓace a cikin 'yan'uwansu.

Abin da ya rage bai daɗe ba. 'Yan kwabban da suka rage wa Abdulnasir ba su kai a yi dabara da su ba. A zagaye na gaba ya tura su duka, Alhaji ya bi, doka ta ce a buɗe. Ya kwantar da katinsa a buɗe, a tsanake, ya daidaita su gefe da gefe: uku da takwas, ba iri ɗaya ba, ba abin da za su ci. Yanzu da ba shi da abin nunawa, kowa ya gani. Na jera biyar ɗin, Alhaji ya ci.

Sai doka ta ƙarshe. Abdulnasir ya miƙe, ya zagayo, ya russuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa, ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu.

"Alhaji, ka ci."

Oga Chukwuma ya saba cewa sai an kira suna cikakke. Ranar ya kawar da kai. Aka yi tafi sama-sama, irin wanda ake yi wa jawabin da ya yi tsawo. Aka miƙa wa Alhaji kofi, ya ɗaga shi, ya hana a ɗauki hoto saboda mutanen Fagge. Ya juya shi ya duba gindinsa kamar mai duba kayan da zai saya, sannan ya miƙa shi gefe ba tare da ya waiga ba.

"Kai, sa wannan a leda ka kai mota. Kada ka bari ya ƙarje."

Haka Abdulnasir ya sauka daga benen ɗauke da kofin gasar.

Da kowa ya watse, Oga Chukwuma ya same ni ina jera kwabbai a akwati. Ya ce, "Comfort, kin yi daidai." Na ce masa na sani, kuma shi ne abin haushin. Daga ranar ya ƙara sabuwar doka, cewa in mutum biyu suka rage dole kowa ya buɗe, ko ya ci ko bai ci ba. Doka ce mai kyau, sai dai wanda aka yi ta dominsa ba ya nan.

Don Lahadin da ta biyo, a bencin ƙasa na tarar da Abdulnasir, ya koma wurin zamansa na da. Alhaji yana sama, kuma ba wanda ya ƙi zama da shi. David mai tsaki ma ina jin dariyarsa tun daga matakala, yana taya Alhaji labarin sarki uku. Na zauna a gefen bencin.

"Malam Abdulnasir, me ya hana ka buɗewa?"

"A gaban mutane, Madam? In kwantar da shi a gaban mutane?" Ya girgiza kai. "Na ɗauka zai faɗa. Kullum yana faɗa."

"Yana faɗa in faɗar za ta kawo masa ciniki."

"Kada ki ce haka. Na yi ta tunani, wataƙila da gaske bai gani ba. Idonsa ya fara rauni, kin san shekaru. Ni ne ban ɗaga su sosai ba."

Mutum ya samo abin da zai riƙe ya iya tashi da safe ya tafi shago, ban ga dalilin da zan fizge masa ba. Na hau sama na raba wa Alhaji kati.

Bayan 'yan makonni wata mai biki ta ba ni ɗinki, na shiga Kantin Kwari neman atamfa. Na so in wuce shagonsu, amma su kaɗai ke da zanen da take so. Kofin yana can saman kanta, an zuba almakashi da biro a ciki. Alhaji ya tare ni da fara'a, har da tambayar ya aiki, ya jawo turmi ya shimfiɗa a gabana yana rantsuwa cewa irinta ba ta wuce biyu a duk kasuwar ba.

Abdulnasir ya matso kamar mai gyara ninki. Ina jin hannunsa ne ya yi aikin da kansa, kafin shi ya yi tunani. Ya ɗaga gefen atamfar, ya karkata wa Alhaji rubutun nan ƙanana, waɗanda ni da nake zura zare a allura sai na matso nake karanta su. Shagon ma ba haske sosai, an ɗauke wuta.

Kallo ɗaya Alhaji ya yi.

"A'a, dakata," in ji shi. "Ba wannan nake nufi ba."

Ya juya ya jawo ta gaskiyar. Tabaransa yana cikin aljihu, ko taɓa shi bai yi ba.

Abdulnasir bai ja da baya ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya riƙe da gefen atamfar, yana kallon rubutun, sannan ya kalli aljihun Alhaji, ya sake kallon rubutun. Ni kuma na rasa inda zan sa idona, sai na hau binciken jakata.

"Kai, tsayuwar me kake yi?" in ji Alhaji. "Sa mata a leda."

Ya ɗan jima kafin ya saki atamfar.

"To, Alhaji," in ji shi, ya sa mini a leda.